Bugun kaifi: Abin da ke sa weji cin amanar 'yan golf a kan faƙon Kano

A wasan ƙwallon lambu, wato golf, akwai kuskuren da ya fi faɗawa ramin yashi kunyata ɗan wasa. Mutum ya yi bugu biyu masu kyau, ƙwallo ta zo ta tsaya mita 40 ko 50 daga rami, abin da ya rage kawai shi ne a ɗaga ta sama ta sauka a hankali kusa da tuta. Sai ya zaro weji, sandar da aka ƙera musamman domin wannan aiki, ya buga. Maimakon ƙwallon ta tashi, sai ta fita a guje daidai tsayin gwiwa kamar dutsen da aka sako daga majajjawa, ta wuce tuta, ta ƙetare dandalin rami, ta tafi can cikin itatuwa. Abin da ya faru shi ne, ba fuskar sandar ce ta sami ƙwallon ba, bakinta na ƙasa ne ya sare ta a tsakiyar ciki. Wannan shi ne bugun kaifi.

Ga mamban kulob da ya fito motsa jiki da yamma, abin ba ya wuce tsokanar abokai. Ga yaron da ke ɗaukar jaka yana mafarkin zama ƙwararre, lamarin ya fi haka nauyi, domin galibin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya da ɗaukar jakar suka fara, kuma a gasa bugu ɗaya irin wannan na mayar da ramin da ya kamata a gama da bugu 4 ya koma 6. Akwai kuma hatsari. Nauyin ƙwallon golf ya kusa giram 46, tauri kuwa kamar gorubar da ta bushe, kuma wanda ke tsaye a bayan tuta bai shirya ganin ta nufo shi a kwance ba.

Duk inda ake golf ana yin bugun kaifi. Amma a Kano akwai dalilin da ya sa ya fi yawa a wasu watanni, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙafar ɗan wasa ne.

Ƙasar da aka gina badala da ita

Bayan Turawan mulkin mallaka sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, ba su zauna cikin birni ba. Sun kafa mazauninsu a wajen ganuwa ta gabas, a Nassarawa da Bompai, kuma a wannan yanki ne wasanninsu suka sami gurbi: sukuwa, ƙwallon dawaki da golf. Kulob ɗin golf na Kano, wanda ake lissafawa cikin tsofaffin filayen wasan a Najeriya, yana can har yau. Wanda ya fito daga cikin birni ta Ƙofar Nassarawa ba doguwar tafiya zai yi ba kafin ya isa, ko da yake tsawon shekaru hanyar da talaka ke bi ya shiga wannan wasa ita ce ta ɗaukar jakar wani.

Wasan da suka kawo an rene shi ne a gaɓar tekun Sikotilan, inda ruwan sama ba ya yin nisa. Kano kuwa damina ɗaya gare ta, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Daga Oktoba har zuwa Afrilu ko Mayu sama a rufe take, ga iskar hunturu da ke tsotse ɗan danshin da ya rage, ga zafin bazara a bayanta. Ƙasar yankin gauraye ce, akwai jigawa, akwai jar ƙasa, akwai marmara irin wadda ake gani a kan Dala da Goron Dutse. Irin ƙasar da aka haƙo daga kududdufan birni aka yi tubali, aka gina gidaje da badala, ita ce dai ke shimfiɗe a wajen ganuwar. Idan ta bushe aka tattake ta, takan koma kamar daɓen ɗaki. Manoma na da suna ga irin wannan wuri da ciyawa ta ƙaurace wa: faƙo.

Ban-ruwa ne kawai ke hana filin golf zama faƙo da rani, kuma fili mai ramuka 18 na cin kadada masu yawa. A garin da mazauna lungunan birni ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, shayar da ciyawa mai wannan faɗi ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne. Wannan ne ya sa filaye da dama a Najeriya, musamman a Arewa, suka daɗe suna amfani da yashi da aka cakuɗa da mai a dandalin rami maimakon ciyawa, abin da 'yan wasa ke kira birawun. Duk inda ruwa bai kai ba, ƙwallo kan zauna ne kai tsaye a kan ƙasa mai tauri.

Lissafin milimita

Faɗin ƙwallon golf bisa doka ba ya gaza milimita 42.67. Ke nan tsakiyar cikinta na sama da ƙasa da kimanin milimita 21. Domin bugu ya yi kyau, dole bakin sanda ya shiga ƙasa da wannan tsakiya sosai, fuskar ta kama ƙwallon ta murza ta sama. A kan ciyawa mai kauri ƙwallo na zama ne kamar a kan katifa, akwai sarari a ƙarƙashinta, kuma ko sanda ta ɗan riga taɓa ƙasa, takan zame cikin ciyawar ta sami ƙwallon. A kan faƙo babu wannan rangwame ko na milimita ɗaya.

Ita kuma weji, wadda sunanta ɗaya da wejin da yaron mota ke cusa wa taya saboda siffarsu ta yi kama, fuskarta a kwance take fiye da ta kowace sanda a jaka. Akwai mai kwanciyar digiri 44 zuwa 48, akwai ta tsakiya mai 50 zuwa 52, akwai ta yashi mai 54 zuwa 56, sai mai cilla ƙwallo sama sosai, 58 zuwa 60. Wannan kwanciya ce ke sa kuskuren ya yi muni. Idan aka buga daidai, yawancin ƙarfin bugun na tafiya ne wajen ɗaga ƙwallon da juya ta, shi ya sa ake lilo mai ƙarfi domin tafiya gajera. Idan baki ne ya same ta, duk wannan ƙarfi gaba yake tura ta. Doguwar sanda idan ta yi bugun kaifi ƙwallon kan je kusa da inda aka nufa. Weji kuwa sai ta kusa ninka tazarar.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Duk wanda ya juya wejin yashi ya dubi tafinta zai ga ba a shafe yake ba. Bayan tafin ya fi bakin sauka ƙasa, kamar ɗan tozo. Idan aka ajiye sandar a kan siminti ƙotarta a miƙe, tozon ne ke taɓa ƙasa, bakin kuwa yana ɗage. Ana auna wannan tozo da digiri: daga 4 zuwa 6 ƙarami ne, daga 10 zuwa 14 babba.

Tozon ba kuskuren maƙera ba ne. Ba'amurke Gene Sarazen ne aka fi danganta wa wannan dabara. Ya narka dalma ya ƙara wa tafin sandarsa domin ta daina nutsewa cikin yashi, ya tafi da ita Ingila ya lashe babbar gasar Birtaniya ta 1932 a filin Prince's da ke Sandwich. A cikin yashi mai laushi ko ciyawa mai danshi, tozon na sa sanda ta yi sulu a ƙarƙashin ƙwallo kamar kwalekwale a kan ruwa. A kan faƙo kuwa babu inda zai nutse. Yana dukan ƙasa sai ya yi tsalle, bakin sandar ya ɗago daidai lokacin da ya iso ga ƙwallon. Wanda kuma ya buɗe fuskar sandar domin ƙwallon ta ƙara tashi, kamar yadda ake gani a talabijin, ya ƙara wa tozon girma ne, ya ƙara ɗage bakin.

A nan matsalar kayan wasa ke shigowa. Sandunan da ke yawo a hannun masu koyo a Najeriya akasarinsu na gwanjo ne ko kyautar wani mamba da ya sayi sababbi, kuma an ƙera su ne domin filayen Turai da Amurka. A cikakken saiti irin wannan, wejin yashin da ake samu yawanci mai faffaɗan tafi ce da babban tozo. Yaron da ita kaɗai gare shi zai yi ta zargin hannunsa a kan laifin da rabinsa na ƙarfe ne.

Ba ɗaga kai ba ne

Da zarar an yi bugun kaifi, nasihar da ke fitowa daga bakin abokan wasa ita ce, ka ɗaga kanka. Wannan nasiha ta fi kowace yaɗuwa a duniyar golf, kuma ba kasafai take gyara komai ba. Mutumin da aka ce ya danne kansa yakan sandare, ƙirjinsa ya daina juyawa, hannuwa su rasa hanyar wucewa sai su lanƙwashe a gwiwa. Hannu ya lanƙwashe, sanda ta gajarta, baki ya sake samun cikin ƙwallo. An gudu ba a tsira ba.

Abin da masu koyarwa suka fi mayar da hankali a kai shi ne wurin da lilon sanda ke kai wa ƙasa. Kan sanda na tafiya ne a lanƙwashe kamar baka: ya sauko, ya kai iyakar saukarsa, ya fara hawa. A bugun weji mai kyau, iyakar saukar na gaba da ƙwallo kaɗan, ta ɓangaren tuta. Wato sanda na kan saukowa ta sami ƙwallon, sannan ta taɓa ƙasa. Idan iyakar saukar ta koma bayan ƙwallo, ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai sandar ta sari ƙasa ta maƙale, ƙwallon ta yi ɗan tsalle ta tsaya a gaban mutum, ko kuma ta wuce ƙasan ta sami ƙwallon tana kan hawa. Sarar ƙasa da bugun kaifi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Lilo guda ne ke haifar da su, ƙasa ce kawai ke zaɓen wanda za a gani. Ɗan wasan da ke sarar ƙasa a watan Agusta shi ne mai bugun kaifi a watan Fabrairu, ba tare da ya sauya komai ba.

Abubuwan da ke mayar da iyakar saukar baya sanannu ne. Na farko shi ne barin nauyin jiki a ƙafar baya. Na biyu, wanda ya fi zama ruwan dare, shi ne ƙoƙarin kwasar ƙwallo da wuyan hannu kamar mai ɗiban miya da ludayi, saboda ido na gaya wa mutum sai ya taimaka mata za ta tashi. Alhali ɗaga ƙwallo aikin kwanciyar fuskar sanda ne, aikin ɗan wasa shi ne ya kai fuskar wurin. Akwai kuma ajiye ƙwallo can gaba kusa da ƙafar hagu, da yin dogon lilo a baya sannan a rage gudu a kusa da ƙwallo saboda tsoron wuce gona da iri.

Faƙo na ƙara wani abu da ba a cika faɗa a darussan intanet ba, domin masu yin su a kan ciyawa suke tsaye. Wanda ya taɓa dukan marmara da ƙarfe har girgizar ta kai masa kafaɗa, jikinsa ba ya mantawa. A bugu na gaba, ba da saninsa ba, zai ɗan miƙe ko ya janye hannu domin kauce wa ƙasar. Milimita goma na janyewa sun isa.

Gyaran

Ga mai buga wasa da hannun dama, gyaran na farawa ne kafin sanda ta motsa. A matse ƙafafu, kada tazararsu ta kai faɗin kafaɗa. A ɗora kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyi a ƙafar hagu, a bar shi can har a gama bugun. Ƙwallo ta kasance a tsakiyar ƙafafu ko baya kaɗan, ƙashin ƙirji kuma ya kasance daidai da ita ko gaba da ita, domin iyakar saukar lilo na bin inda ƙirji yake. Hannuwa su ɗan riga kan sanda, ƙota ta ɗan karkata gaba. Wannan karkata na da amfani biyu: tana sa a sami ƙwallo tukuna, kuma kowane digiri da ƙota ta karkata gaba yana rage digiri ɗaya daga tozon. Fuska a miƙe take kallon inda aka nufa, ba a buɗe ba.

Daga nan sai a bar ƙirji ya ja ragama. Lilo gajere a baya, a wuce ƙwallo da gudu ɗaya ba tare da ja da baya ba, a ƙarasa ƙirji da cibiya na kallon tuta. Kai ma zai juya ya bi ƙwallon, kuma babu laifi a hakan. Manomin da ya iya fartanya ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya san ba da wuyan hannu ake shema ba, ya san kuma ruwan fartanya a karkace yake shiga ƙasa, a gaban inda aka tsaya.

A bugu gajere na kusa da dandalin rami akwai wata dabara da ta dace da faƙo. A matso kusa da ƙwallo, a riƙe sanda ƙasa da inda aka saba, a ɗaga ƙota ta ɗan miƙe har dunduniyar kan sandar ta bar ƙasa, hancinta kawai ya rage. Da haka faɗin tafin da zai yi karo da ƙasa ya ragu, sai a buga kamar ana gangara ƙwallo zuwa rami.

Atisayen da ya fi kowanne amfani kuwa ba ya buƙatar fili, ba ya ma buƙatar ƙwallo. A cikin birni, inda gidaje suka haɗe kuma lungu bai fi a wuce da kura ba, babu mai hankalin da zai buga ƙwallon golf. Amma tsakar gida mai ɗan yashi ta isa. A ja layi a ƙasa da yatsa, a tsaya layin na tsakiyar ƙafafu, a yi lilo ana neman sandar ta goge ƙasa a gaban layin, kada ta taɓa bayansa. Ƙasa ba ta ƙarya: kowane lilo zai bar shaidarsa. Mai koyo zai ga da idonsa cewa bugu goma na farko sun warwatsu, wasu a baya, wasu ba su ma taɓa ƙasa ba. Ranar da takwas cikin goma suka faɗa gaban layi, sai a je fili a ɗora ƙwallo a kan layin. Wasu masu koyarwa kan shimfiɗa tawul kimanin faɗin tafin hannu a bayan ƙwallo, a buga ba tare da an taɓa shi ba. Manufar ɗaya ce.

Game da sanda, wanda ke da zaɓi ya nemi weji mai ƙaramin tozo da siririn tafi domin rani. Wanda ba shi da zaɓi ya ajiye wejin yashi domin yashi, ya ɗauki mai digiri 46 ko 48, wadda tafinta bai cika faɗi ba. Akwai masu tunanin kai sanda wurin maƙeri ko mai walda a goge tozon da injin gurza. Doka ba ta hana gyara tafin sanda kafin a fara wasa ba, kuma kamfanoni ma suna sayar da weji da tafi iri-iri. Amma ƙarfen da aka gurje ba ya dawowa, nauyin kan sandar zai ragu, kuma idan aka taɓa tsagogin fuska ana iya fitar da sandar daga ƙa'idar gasa. Ga mai weji guda ɗaya tak, wannan na iya zama gyaran gangar Abzinawa.

Wani lokaci a bar weji a jaka

Doka ta ba ɗan wasa damar ɗaukar sanduna har 14, ba ta ce dole sai da weji za a tunkari tuta ba. Idan babu ramin yashi ko ruwa tsakanin ƙwallo da rami, babu dalilin bin sama. A tsofaffin filayen Sikotilan irin St Andrews, inda ƙasa ke da tauri kuma iska ba ta hutawa, an daɗe ana tura ƙwallo ƙasa-ƙasa da sanda mai lamba 7 ko 8, ta yi tsalle biyu ta gangara. A jihar Tekzas ta Amurka, busasshiyar ƙasa ta sa 'yan wasa gangara ƙwallo da sandar zura rami tun daga wajen dandali, har aka laƙaba wa sandar suna wejin Tekzas. Kuskure da sanda mai lamba 8 na barin mutum mita kaɗan daga rami. Kuskure da weji mai digiri 60 na aika shi neman ƙwallo.

A filin birawun wannan shawara ta fi ƙarfi. Yashin mai na shanye ƙwallon da ta faɗo kansa, amma ƙasar da ke kewaye da shi tauri gare ta, saboda haka ƙwallon da ta gaza da taku biyu na iya yin tsalle ta ƙetare dandalin gaba ɗaya. Irin wannan fili bai taɓa hana gwani nuna gwanintarsa ba. A Ikoyi da ke Legas, a shekarun da ake buga babbar gasar Najeriya a kan birawun, Sandy Lyle ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a 1978, Peter Tupling ya gama ramuka 72 da bugu 255 a 1981, Vijay Singh kuma ya lashe gasar a 1988 da 1989.

Hukumomin wasan ma sun san da matsalar. Asalin doka shi ne a buga ƙwallo a inda ta kwanta, amma an ba kwamitin kowane fili ikon kafa dokar gida da ke ba ɗan wasa damar ɗaga ƙwallonsa ya ajiye ta a wuri mafi kyau cikin 'yar tazara da aka ƙayyade, idan yanayin fili ya lalace. A filayen hamada irin na Awali a Bahrain da Coober Pedy a Ostareliya, 'yan wasa na yawo ne da ɗan yankin ciyawar roba suna ɗora ƙwallo a kai. Wannan sauƙi na kare sanduna da wuyan hannu, sai dai yana ɓoye matsalar lilo, kuma wanda ya saba da shi zai sha wuya ranar da gasa ta ce a buga ta yadda aka same ta.

Abu ɗaya ya rage da ɗan wasan Kano zai riƙe. Tsayuwar da ta cece shi a watan Maris na iya juya masa baya idan ruwa ya sauka. Da ƙasa ta jiƙa a Yuli da Agusta, ƙota mai karkata sosai da weji mai ƙaramin tozo sai su riƙa nutsewa suna ɓantaro laka. A lokacin ne ake rage karkatar, a dawo da ƙwallo tsakiya, a zaro wejin yashin nan mai babban tozo da aka ajiye tun hunturu.